Fararen Takardun Mai Awo

Rana ta yi ja, Maman Auta tana kwashe shanya a tsakar gida, sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon ɗaki. Ta ɗaga kai. Wata ta sake faɗowa, sannan wata, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Bayan katangarsu babu gida, babu yara, fili ne kawai. Da ta kai hannu ga farin mayafin 'yarta, sai ta ga ya yi baƙi da toka, alhali ɗazu ta wanke shi, kuma ko wuta ba ta hura ba.

Mijinta, wanda unguwa ke kira Mai Awo, ma'aikaci ne a ofishin tsara gari. Aikinsa auna tsabtar iska. Yana da na'ura kamar ƙaramin akwati, cikinta akwai farar takarda mai kama ƙura da hayaƙi, duk mako yakan cire ta ya sa sabuwa. Matarsa takan tsokane shi cewa mazan mutane na auna zinariya, nata ƙura yake aunawa. Shi kuma sai ya yi murmushi ya ce ai da ƙurar ya auro ta.

A wannan watan an tura shi gefen gandun daji, wanda doka ta hana a taɓa ko reshe a cikinsa. Wani kamfani na neman izinin gina gidaje ɗari uku a jikin gandun, kuma ba za a ba da izinin ba sai rahotonsa ya nuna iskar wurin lafiya lau take.

Da magaribar ranar da aka fara jifan, Auta, 'yarsu ɗaya tilo mai shekara sha huɗu, ta fara tari. Ɗakinta a rufe yake, amma warin hayaƙin manyan motoci ya cika shi. Washegari suka kai ta asibiti, likita ya saurari ƙirjinta ya ce bai ji komai ba. Rana na faɗuwa jifa ya dawo, tarin ya dawo, abin da ta tofar a ƙyalle baƙi ƙirin. A rana ta uku suka ji rurin mota a cikin ɗakin, ƙasa-ƙasa, kamar daga ƙarƙashin gado. Auta na kwance, bakinta a buɗe, tana jan numfashi da ƙyar.

"Baban Auta, me ka shigo mana da shi?" in ji matar, ba ta ko ɗaga murya ba.

Ya miƙe. Ya sa takalmi ya tafi ɗauko wani malami tsoho da aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura.

Malam ya zauna daga bakin ƙofa, ya ce a buɗe taga, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Jifan ya tsaya. Can sai yarinyar ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, ta yi magana da muryar tsohuwa wadda shekaru suka dusashe.

"Ya isa, malam. Karatunka na ƙona ni, amma na saba da ƙuna."

Malam ya tambaye ta ko ita wace ce, da abin da yarinya ta yi mata. Ta ce ita mazauniyar gandun ce tun ba a yi titin ba, kuma yarinya ba ta yi mata komai ba, a tambayi uban me ke cikin jakarsa.

Mai Awo ya durƙusa, ya faɗi gaskiya kansa a ƙasa. Da farko a bakin titi ya kafa na'urar, inda ƙa'ida ta ce, kusa da masana'antar bulo, takardu biyu suka fito baƙaƙe. Ogansa ya duba ya ce ya nema wa akwatin nan inuwa mana. Sai ya tsallaka wayar shinge ya shiga gandun, ya rataye na'urar a jikin wata babbar bishiya. Daga nan takardu suka riƙa fitowa fari tas, kuma su ya sa wa hannu, baƙaƙen ya ɓoye a jakarsa.

"A ƙofata ya rataye ta," in ji muryar. "Numfashin 'ya'yana ya ɗiba ya kai shaida a zo a shaƙe mu. Hayaƙin da ka ɓoye, ɗan nan, dole wani ya shaƙe shi. Sai na kawo wa taka."

Ta ce ba za ta fita ba sai an fasa ginin. Malam ya ce wannan ba a hannun mutumin nan yake ba, kada ta ɗora wa yarinya abin da ya fi ƙarfin ubanta, ita ma akwai wanda zai tambaye ta. Suka daɗe suna ja. Daga ƙarshe ta yarda da abu ɗaya: gobe kwamitin ba da izini zai zauna, ya kai baƙaƙen takardun, ya faɗa da bakinsa abin da ya yi. Mai Awo ya yi alkawari. Matarsa ta dafa kafaɗarsa, ba ta ɗauke hannun ba.

Yarinyar ta yi atishawa sau uku ta kife. Warin ya fita ta taga. Numfashinta ya daidaita, amma ba ta farka ba.

Da safe ya tsaya gaban kwamiti ya shimfiɗa takardun a kan tebur. Ogansa ya ƙi kallonsa. Aka saurare shi, aka yi masa godiya, aka ce ya ajiye makullin ofis sai an neme shi. Sannan aka ba da izinin, bisa sharaɗin kamfani ya dasa itatuwa a bakin titi, har aka ƙara masa da wani ɗan yanki na gandun. A can bayan zauren taron wata matashiya mai jariri a kafaɗa ta kama hannun mijinta tana dariya. Mai Awo ya ji tana cewa gida mai lamba arba'in da ɗaya ne nasu, mai tagar da ke kallon daji.

Ya iso gida rana na faɗuwa. Shi da matarsa suka zauna a bakin ƙofar ɗakin suna sauraron kwano. Babu abin da ya faɗo. Can Auta ta buɗe ido, ta nemi ruwa da muryarta ta kullum, uwar ta fashe da kuka marar sauti.

Da ta sha, sai ta dubi ubanta.

"Baba, ta tafi, ta ce kun rabu lafiya. Amma ta ce in tambaye ka, wane gida ne za a ɗora a gurbin bishiyarta? Wai tana so ta san masu ɗakin."

Mai Awo ya ga taswirar gidajen da idonsa, ya san lambar: arba'in da ɗaya. Ya karɓi kofin daga hannunta, ya ce bai sani ba.