Mangalar da Ilu Ya Yi wa Walda

Ku matso nan bakin tabarma. Ke Ladidi, ajiye wayar nan. Kun dame ni, Gwaggo ina yayanmu, Gwaggo ina yayanmu. To yau zan gaya muku, amma kowa ya yi bisimilla tukuna. Ni ba na kama sunansa, ɗan fari ne. Ku dai kun san sunan yayanku.

Daddawar da nake yi, shi yake kai mini kasuwar Maigatari a babur. Mangala yake sawa irin ta jaki, aljihu ɗaya dama ɗaya hagu, a bisa kariya, ƙarfen ɗora kaya na bayan babur. Marigayi babansa ne ya koya masa ɗaurin. Robar tif na taya za a naɗa, a ƙarshe a yi zarge, a bar wutsiyar robar tana lilo kusa da cinya. Kullum yana ce masa in wani abu ya kama maka kaya a daji, ja wutsiyar nan, kayan su zube, kai ka wuce da ranka.

To ɓarayin kasuwa su ma sun san zarge. Rannan yayanku ya shiga sallah, ya fito, babu mangala. Muka ɗinka wata. Ita ma aka janye ta yana tsaye yana sayen mai. Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Washegari ya tafi wurin Ilu mai walda. Aka yi wa sabuwar mangala ƙashi na rodi, aka lulluɓe da tamfol, aka zagaya sarƙa, aka narke bakinta a jikin kariya. Ya shigo da babur har tsakar gida.

"Inna, fito ki gani. Wannan kam sai dai su ɗauke har babur ɗin."

"In kuma kai ne kake son saukewa fa?"

"Me zai sa in sauke?"

"Babanka dai ya ce…"

"Baba a zamaninsu ɓarawo kunya yake ji, Inna."

Ya yi dariya. Na ga yana murna, sai na ƙyale shi.

Abin da zan faɗa yanzu daga bakinsa na ji.

Ranar kasuwa taya ta yi masa faci, abokan tafiya suka wuce suka bar shi. Bai iso Kwarin Tumfafiya ba sai rana tsaka. Kun san kwarin, yashi ne zalla, ba inuwa. Ba tsuntsu. Ba akuya. Sai ga wani dattijo a tsaye tsakiyar hanya, ba takalmi, a kan yashin da ko jaki ba ya tsayawa. Yayanku ya taka birki. Da ya duba ƙasa, inda tsohon yake tsaye yashin a jiƙe yake.

"Mai babur, sannu da rana."

Ya ce sai da maganar ta gama shiga kunnensa, sannan bakin tsohon ya motsa.

"Yauwa, Baba."

"Mangalar nan ta yi kyau. Ba ta faɗuwa?"

"Ba ta faɗuwa."

"Ba a kwance ta?"

Da ya yi shiru, da wataƙila ya wuce. Amma abin alfaharinsa aka taɓo.

"Ko ni mai ita ban iya kwance ta."

"Madalla," in ji tsohon. "Mun daɗe muna jiran irinta. Na da, muna hawa sai su zubar da mu."

Sai ya waiwaya ya kalli yashin da ba kowa.

"Ku fito. An samu abin hawa."

Bai ga kowa ba. Babur ɗin dai ya karkata dama. Ya karkata hagu. Ya nutse. Tamfol ya kumbura, ya ji ana ƙus-ƙus a ciki, kamar yara suna gyara zama. Hannunsa ya tafi gefen cinya da kansa yana lalube. Sarƙa ya taɓa.

Ya yunƙura zai dira ya ruga a ƙasa. Wani hannu mai sanyi, jiƙaƙƙe, ya sauka a kafaɗarsa.

"Ja mu je, ɗana. Gaba kaɗan ne."

Da la'asar ya shigo gida. Bai je kasuwa ba, bai kuma san inda ya je ba. Daddawata tana nan cif, sai dai ta jiƙe sharkaf, ruwa yana ɗiga daga gindin mangalar.

Ba abin da ban yi ba. Malamai sun yi karatu, an yi hayaƙi, an yi tofi a ruwa an yayyafa. Na aika aka kira Ilu. Yana ɗora injin yanka a kan sarƙar, injin ya mutu. Ya ɗauko zarto, zarto ya karye. Ya tsuguna yana share gumi.

"Inna, wallahi don kada ta fita na yi ta. Ban bar mata wurin fita ba."

Muka ce to a jefar da babur ɗin. Maza suka tura shi bayan gari. Da safe yana ƙofar ɗakinsa.

Ɓarawo kam bai sake kusantarsa ba. Ko ya bar makulli a jiki ya juya baya, ba mai taɓawa. Har masu sayen daddawar ma suka daina zuwa.

Rana na yin tsaka sai ya miƙe, ko yana cikin cin abinci. Na ɓoye makullin a tukunyar gero, babur ya tashi ba makulli. Rannan na riƙe masa riga.

"Ina za ka?"

"Inna, sake ni. Da yara a ciki, rana na dukansu."

"Ni fa? Ni ba uwa ba ce?"

Bai kalle ni ba.

"Ina ne gidan nasu?"

"Ya ce gaba kaɗan."

Da farko yakan dawo da magariba. Daga baya sai ya kwana. Daga baya sai mako ya zagayo. Kowace dawowa ya fi ta baya rama, wuya kamar sillen kara, mangalar kuma ta fi kumbura. Na tambaye shi ko ba sa sauka ne. Ya ce a'a, wasu ake ƙara ɗauka a hanya.

Fitarsa ta ƙarshe ko shuka ba a yi ba. Ga shi yanzu an gama girbi. Wani mai kora shanu ya zo ya same ni, ya ce ya gan shi can arewa, bayan iyaka, tayoyi duk sun sace, yana tafiya a kan ƙarfe a hankali. Ya ba shi ruwa ya sha bai sauka ba. Ya ce a gaya wa Inna ta daina ajiye masa tuwo.

Ban daina ba. Ga shi can a rufe.

Don haka ku ji ni da kyau. Kada in ji ɗayanku ya bi Kwarin Tumfafiya shi kaɗai, ko da wane lokaci ne. In abokan tafiya sun wuce, ku juyo gida. In an tambaye ku kayanku a hanya, kada ku amsa.

Ku yi shiru. Ku yi shiru mana! Kamar ƙarar babur nake ji.

A'a. Ba shi ba ne. Nasa ba ya gudu haka.