Randar da Ba a Rufewa

Dab da magariba Tambaya ta ɗora randar ƙullu a ka, ta nufi tsamiyar bayan gari.

Ita da ƙanwarta Saude koko suke sayarwa a Bungudu. Gero ɗaya, rijiya ɗaya, amma na Saude tsaminsa kan zauna a harshe, nata kuwa salam. Gudun masu saye bai ci mata rai ba kamar 'yarta Fiddausi, 'yar shekara huɗu, da ke ture kofin uwarta ta ce na Inna Saude take so. A kan wannan kam hassada ta hana Tambaya barci.

Saude ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce ba ta zuba tsohon ruwan tsami, gindin tsamiya take kai ƙullun ya kwana, iskar wurin ta yi aikinta.

"Sai dai kar ki rufe, Yaya. Masu wurin na ɗanɗanawa."

Tambaya ta taɓe baki. Wato ta bar shi ƙasa da ƙwari su cika shi, a yi mata dariya? Ba da ita ba.

Ta sauke randar kusa da ta Saude. Wurin na warin tsami, sanyi na tasowa daga ƙasa. Gyare suka yi tsit. Sai ta ji ana lasar wani abu cikin randarta, lak, lak, kamar mage.

Ta yi maza ta kifa faifai, ta danne da dutse.

Lasar ta tsaya.

Aka ƙwanƙwasa daga ciki.

"Buɗe," in ji wata siririyar murya.

Dutsen ya motsa. Yatsu dogaye, jiƙe da ƙullu, suka leƙo ta gefen faifan suka shafi bayan hannunta.

"Tsami kika zo nema. Ga shi nan."

Ta kwasa da gudu, addu'a na sarƙe mata a harshe, takalmi ɗaya ya zauna a can.

Tun daga ranar duk abin da Tambaya ta taɓa sai ya yi tsami, tuwo ne ko shayi, har ruwan randa. Tabarmar Fiddausi ta koma ɗakin Saude.

Rannan yarinyar ta shigo a guje daga wasa, uwar ta miƙa mata moɗar ruwa. Fiddausi ta shinshina, ta ajiye a hankali, ta juya wajen ƙofa.

"Inna Saude, ƙishirwa."