Auren Makulli

"Maimaita abin da kika ce!"

Na ajiye almakashin da nake yanka bandeji da shi, na juyo na kalli mai kanti. Ita ke sayar da sabulu da katin waya a bakin ƙofar barikinmu, kuma kowa ya san ta daɗe tana yi wa saurayina Dogo kwalliya, shi ko kallo ba ta ishe shi ba.

"Ni dai abin da kunnena ya ji na faɗa," ta ce. "A gaban kantina ya ce wa abokansa da an ɗaura aurenku ya rabu da ɗakin gwauraye. Gida yake nema, 'yar uwa... ke ce hanyar."

Na san makirci ne ya kawo ta. Amma ruwa ba ya tsami banza.

A barikinmu mai aure ake ba gida, da ƙofarsa da ɗakin girkinsa. Marar aure kuwa a jibge shi a dogon ɗaki da sauran gwauraye, gado jikin gado, rufi yana yoyo, banɗaki sai an yi layi. Duk ranar hutu gwauro ne a bakin gadi, wai ai ba mai jiransa a gida. Shi ya sa samari ke yin auren gaggawa don su tsira. Auren makulli muke ce masa. Haka aka yi wa yayata. Da aka yi wa mijin canjin bariki, ta waya ya sake ta.

Ni ma soja ce, a asibitin bariki nake aiki, kuma na san wannan ƙuncin, don ɗakinmu na 'yan mata bai fi nasu ba. Amma ban taɓa zaton nawa masoyin zai mayar da ni makulli ba.

A gareji na same shi, kwance ƙarƙashin babbar mota.

"Fito, Kofur!"

Ya fito yana murmushi, hannu duk baƙin mai. "Sahibata, yau kuma Kofur na koma?"

"Ka ce da an ɗaura ka rabu da ɗakin gwauraye, ko ba ka ce ba?"

Murmushin ya gudu.

"Na faɗa... amma ki tsaya ki ji..."

"Ni ko gidan?"

"Haba rabin raina! Na gaji ne. Mutum ya yi salla ana taka masa darduma, ya shanya riga a ɗauke, ya yi waya da mahaifiyarsa kowa na ji. Laifi ne in so in fita?"

"Ba laifi ba ne. Amma ba ta kaina za ka bi ba!"

Na zare zobensa na dire a kan murfin injin, na tafi ina kuka, ina jin haushin kaina da nake kukan.

Da na gaya wa Umma, ko mamaki ba ta yi ba.

"Da ma na faɗa miki, Auta. Ɗaya ta ishe ni darasi. Ba zan sake ba sojan bariki 'yata ba."

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Fushina bai sauka ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Na ji haushin Dogo, na ji haushin mai kanti, na fi jin haushin tsarin da ya sa ba za ki taɓa sanin ko ke ake so ba. Ranar da Kwamanda ya tara mu a filin fareti don jin koke, kowa ya yi tsit kamar kullum. Ni na ɗaga hannu.

"Yallaɓai, izinin magana."

"Yi."

"Yallaɓai, harsashi ba ya tambayar ko mutum yana da aure. Don me gado zai tambaya? Kun sa ƙofa ta zama ladan aure. Samari na aure don ɗaki, ana sakin 'yan uwanmu kamar tsohon takalmi. Ku ba gwauro wurin da zai rufe ƙofa ya yi kuka ko ya yi barci, ku raba gadi da adalci, sannan ku ga wa zai yi aure don Allah!"

Saje ya zaro min ido kamar zai cinye ni. Fuskar Kwamanda ta haɗe.

"Ke kaɗai ce da wannan ra'ayin?"

Maza cike da fili, ba wanda ya motsa. Wallahi raina ya ɓaci.

Sai na ji takun takalmin soja a bayana.

"Da ni, Yallaɓai." Muryar Dogo ce. "Ni ne na kusa yin abin da ta faɗa. Na janye neman gidan ma'aurata. A ba wani."

An ba mu horo mu biyu saboda ɗaga murya, gadin ƙofa har sai da ƙafafuna suka kumbura. Amma Kwamanda ya zagaya ɗakunanmu da kansa, ya fito yana toshe hanci. Ya ba gwauraye tsohon sito da katako da kwano, ya ce su yanka ɗakuna da hannunsu, maza ɓangare, mata ɓangare. Gadin ranar hutu ya koma zagaye, har masu aure.

Ina ganin Dogo a kan rufi yana buga ƙusa, na ƙi yi masa magana. Ya samu ɗakinsa, da taga da ƙofa. Na ce a raina, to, ya samu abin da yake so, yanzu za mu gani.

Damina ta wuce bai zo ba. Na rame, na yi ta huce haushi a kan marasa lafiya.

Wata ranar hutu na je gida, tun daga ƙofa sai na hango Dogo durƙushe gaban Umma a falo.

"A ina za ka ajiye ta?" Umma ke tambaya, fuska ba walwala.

"Ba ni da gida, Umma. Na bar layin gidan ma'aurata. Ɗakin haya zan kama a bayan bariki, ƙarami ne."

Na kasa haƙuri, na faɗo falon.

"Ɗakin da ka gina da hannunka za ka bari? Kana da hankali kuwa? Me ya hana ka zuwa tun tuni?"

"So na yi in tabbata ke nake so ba ɗaki ba, sahibata. Don kaina, ba don ke kaɗai ba." Ya ɗago ya kalle ni. "Na kwana a cikinsa, ba yoyo, ba minsharin kowa, na rufe ƙofata. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na ɗakin nan ba."

Umma ta daɗe tana kallonsa, sannan ta share ido da bakin zaninta.

"Tashi, ɗana. Ka turo manyanka."

Ni kuwa na juya masa baya don kada ya ga fuskata.

"Har yanzu ina fushi da kai, Kofur."

"Na sani," ya ce. "Ki zo ki ƙarasa shi a ɗakinmu."