Motar Da Ba Ta Jiran Cika

Ranar da Bawa ya fara ganin Nazifa, fushi take yi, kuma ba da shi ba. A tashar Ƙauran Namoda ne, watanni kaɗan bayan ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, lokacin da aka ware wa mata motocinsu. Tun hantsi take zaune cikin bas mai zuwa Shinkafi, ga azahar ta gabato, saura mutum huɗu a cika. Ta sauko, ta gyara hijabi, ta nufo inda yake goge gilashin tsohuwar bas ɗinsa, wadda ita ma ta mata ce.

"Malam, kai ma sai ta cika?"

"Haka anka saba, Malama."

"To Allah shi kyauta ma abin da anka saba."

Ta juya abinta. Bawa ya tsaya da tsumma a hannu, ya manta me yake gogewa. Direbobi suka ce ya kama kansa, ɗiyar Alhaji Nasidi ce, mai bas shida a tashar, har da wadda ta sauko daga ciki.

Bai kama kan nasa ba. Kafin wata biyu ya zama ɗan gida a zauren Alhaji, yana ce mata Hasken Ido, ita kuma tana ce masa Direbana cikin tsokana. Sonta ya shige shi sosai, ita ma ba ta ɓoye nata ba.

Sai dai Alhaji yana da nasa lissafin. Faruku yake so ya ba, manajan motocinsa, mai difloma da takalmi sau-ciki ko da rana ta take. Da magabatan Bawa suka je, Alhaji bai yi musu wulaƙanci ba, amma bai ɓoye musu ra'ayinsa ba.

"Ban ba da ɗiyata ga mai mota guda. In kaka ta yi motar yaron ga tana bisa hanya, ku dawo mu yi magana. Kahin nan, zance ya tsaya."

Washegari Faruku ya zabtare kuɗin motar mata a motocin Alhaji, na Shinkafi da na Zurmi duka. Fasinjojin Bawa suka watse. Faruku bai bar shi haka ba, ya same shi har gindin mota ya ce ai shawarar Nazifa ce. Wannan magana ta fi rashin fasinja yi wa Bawa ciwo. Ya rubuta 'yar takarda ya ba Safiya, ƙawar Nazifa, malamar asibiti da ke bin motarsa zuwa Moriki.

"Hasken Ido, an ce ke kika ba da shawarar a karya ni. In haka ne, ki faɗa mini da bakinki, in sayar da motar in bar garin. Bawa."

Amsa ta zo a rana ta biyu.

"Direbana, na ji haushin ka yarda, amma na yafe. Gaskiya na ba Baba shawara, sai dai ba wannan ba ce, kuma dariya ya yi mini. Yanzu kai zan ba. Kada ka rage ko kwabo. Baba mai mota shida ne, zai jure, kai ba za ka jure ba. Mace ba araha take nema ba. Mijinta ya ce ta je ta dawo kafin magariba, sai ta ƙare rabin izininta a zaune cikin tasha. Ka sa wa motarka lokaci. Ko mutum biyu ne, ka tashi. Taka, Nazifa."

Bawa ya karanta sau uku. A duk tashar babu wanda ya taɓa tayar da mota da gurbi a ciki, abin kunya ne ma a wajen direba. Amma ya sayi fenti, ya rubuta a jikin bas: tashi ƙarfe takwas, dawowa da an sallame la'asar. Kwana huɗu Shinkafi, kwana uku Zurmi.

Ranar farko mata biyu ya ɗauka, ɗaya Safiya ce. 'Yan kamasho suka raka shi da shewa, wani ya tambaye shi ko aljanu ya ɗauka a sauran kujerun. Sati guda yana ƙona mai a banza. Akwai safiyar da ya kai hannu ga makulli, ya ga mata uku tafe can nesa, zuciyarsa ta ce ya ƙara minti goma. Ya cije ya tayar. Washegari matan nan uku sun riga shi zuwa.

Labari ya bi gidajen suna da na biki. Malaman makaranta suka fara, sai masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli na kasuwar Shinkafi. Daga baya mazaje da kansu suke kawo matansu, su ce, "In ba motar Bawa ba, ba ki zuwa." Faruku ya sa aka rubuta lokaci a motocin Alhaji su ma, amma direbobinsu da yawan fasinja ake sallamarsu, ba mai iya kallon kujera babu kowa ya taka mota. Takwas ɗinsu takan kai sha ɗaya.

Gero ya fara nuna lokacin da aka yi wa Hajiya Kulu, mahaifiyar Nazifa, rasuwar ƙane a Zurmi. Ranar addu'ar uku Alhaji ya ce ta je, amma ta dawo kafin magariba. Da yamma yana zaune kan benci a tasha, cikin direbobinsa, sai ga bas ɗin Bawa ta shigo cike taf. Mata suka yi ta sauka. Ta ƙarshe Hajiya Kulu ce.

Alhaji ya dube ta.

"Hajiya, mota shida gare ni."

"Na sani, Alhaji. Kai ka ce in dawo kahin magariba. Taka tana can Zurmi, saura mutum ukku ta cika."

Wani ya tuntsure da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari.  Alhaji ya yafito Bawa, wanda ya zo ya durƙusa gabansa.

"Wa ya koya maka wanga aiki?"

Bawa ya sunkuyar da kai, don bai son ya jawo wa Nazifa faɗa.

"Ba sai ka hwaɗi ba. Ni ta hwara kawo ma shi, niy yi mata dariya." Alhaji ya share fuska da hannun riga. "Shekara talatin ina ɗaukar mutane, ban taɓa tambayar kowa yaushe shika son komawa gida ba. Ka turo magabatanka ranar Juma'a."

Bayan an gama yankan gero aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Nasidi. Faruku ma ya zo, ya ci goro, ya yi fatan alheri. Da za a fita da amarya, Nazifa ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. Ya dafa kanta.

"Na so in ba ki mai dukiya, ke kuma kin zaɓi mai jin maganarki. Kin hi ni gani, ɗiyata. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ɗayyiba."

Gidan duka ya amsa da amin.