Sarbar da Ba Ta Zafi

Da safiyar Litinin wata mata ta shigo komisariyar 'yan sandan Diffa tana haki. Sunanta Priscille, injiniya ce.

"Insifekta, an sace mini furosesa," ta ce wa Insifekta Ajimi.

"Mene ne shi?"

"Ƙwaƙwalwar kwamfuta, bai kai ashana girma ba. Ni na zana shi, aka ƙera mini a waje. Sarba, babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai, zafin garinmu kashe ta yake. Tawa ba ta zafi, saboda furosesan da ke cikinta. Gobe ƙungiyar manoman tattasai za ta zaɓa: ko tawa, ko ta Mushe Salomon mai shigo da na waje."

A biron Priscille, wato ofishinta, Ajimi ya duba ƙofa. Ba a ɓalle kwaɗo ba. An buɗe sarbar, an mayar da kowace ƙusa wurinta.

"Ɓarawon nan ya san aiki," ya ce.

Maigadi Maina ya rantse babu wanda ya shiga.

"Makulli fa?"

"Yana wuyana, ranka ya daɗe."

"Har lokacin da ka je ɗaurin aure Chétimari jiya? Maƙwabta sun ga tafiyarka."

Maina ya sunkuyar da kai. "Na bar wa Mushe Salomon. Ya ce inuwa kawai zai sha."

Shagon Salomon na bakin kasuwa, fankoki na ta kaɗawa a kan kwamfutoci. Salomon ya yi dariya.

"Ni da kayan Turai, me zan yi da wasan yarinya?"

Ajimi ya bi injinan yana dafa su da tafin hannu. Kowanne kamar tukunya a kan murhu. A lungu, wata sarba tana aiki babu fanka. Ya dafa ta. Sanyi ƙalau.

"Buɗe wannan."

Salomon ya tsaya ƙyam. Priscille, da ta biyo Ajimi shagon, ta buɗe da kanta, ta ciro ɗan abin, ta nuna sunanta a gefensa.

"Gwadawa kawai na so yi," Salomon ya ce. "Na zaci ƙarya take. Da na ga yana aiki, na san gobe kasuwata ta mutu."

Ajimi ya sa masa ankwa.

"Madam, ɗauki kayanki. Manoma na jiranki."