Ko Akurki Ne

Kaza ce ta haɗa su. Ranar kasuwar Sae Sabuwa wata kaza wake-wake ta kufce daga kwandon Ummuhani, ta bi ta ƙarƙashin amalanken jaki, ta faɗa tsakanin ƙafafun Jaye yana tsaye yana cinikin igiya. Ya sunkuya ya cafke ta. Da ya ɗago ya ga mai kazar, igiyar ma bai ƙara sanin inda ya ajiye ta ba.

"Sannu, Mai-sanda," ta ce tana haki. "Ashe hannun da ya saba da ƙahon sa ya iya kaza."

Shi ke nan suna ya bi shi, shi kuma ya raɗa mata Uwar-kaji. Jaye ɗan makiyaya ne, rugarsu na bayan gari. Hausa ya iya ta, har lakol, makarantar boko, ya taɓa, amma Hausar kasuwa ce da ta gaisuwa. In dattijo ya lanƙwasa magana, sai ya tsaya yana kallon bakinsa.

Shekarar ce soja suka ce za su miƙa mulki, gari ya cika da tutoci da alkawari. Akwai Mas'ud mai moto, wato babur, wanda shi ma ke son Ummuhani. Kullum yana ƙofar gidansu da tutar jam'iyya, yana faɗa wa mahaifinta, Malam Iro, irin ɗakin simintin da zai gina in nasu suka ci. Malam Iro ya ji alkawari a rediyo har ya ƙoshi, amma ko ba komai Mas'ud ɗan gari ne.

Ranar da Jaye ya je gaida Malam Iro, ya durƙusa a zaure, tsohon bai ɓoye masa ba.

"Yaro, halinka ban da abin cewa. Amma ku mutanen tahiya ne. Yau kuna nan, gobe saniya ta ce arewa. In na ba ka ɗiyata, ina zan neme ta? Kai da ko akurki ba ka da shi garin ga. Tahi ka gina, ko akurki ne, in gani da idona. In ruwa ya sauka ban gani ba, Mas'ud na nan."

Jaye ya fito kansa a ɗaure. Akurki? Ya juya maganar ya sake juyawa. Me ya haɗa aure da akurki? Sai ya tuna Ummuhani na da kaji, kuma ta sha yi masa kukan muzuru. Ya ce a ransa lalle al'adar mutanen gari ce, kowa da irin tasa. Tambaya kuwa kunya ta hana shi, don ɗan ruga ya fi son ya sha wuya da a ce bai gane magana ba.

Kawunsa da ke zaune cikin gari ya ba shi filin bayan gida. Bawan Allah bai taɓa riƙe tubali ba, sai ya riƙa tsayawa wurin magina yana satar kallo. Ya ɗebo ruwa a jaki cikin zafin bazara, ya kwaɓa ƙasa da ciyawa. Bangon farko ya karkace ya zube. Na biyu ya tsaya, sai ya ga ƙofar na kallon gabas, inda ruwa ke bugowa, ya rushe da hannunsa. A na uku ya haƙa harsashi har gwiwa, don an ce masa muzuru na tono.

Ita kuwa Ummuhani, abin da innarta ta faɗa mata shi ne Baba ya ce Jaye ya gina ɗaki. Daɗi ya cika ta, ta ɗauki salula.

"Mai-sandana, na ji an fara aiki. Allah ya taimaka. Ka yi taga babba, ina son iska."

Ya amsa: "Na yi, Uwar-kaji. Na sa mata ragar waya don shaho."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Shaho? Ta ce ƙila raha ce irin tasu, ta sake rubutawa: "To wurin kwana fa, ta wane gefe?"

"Sanda na gitta daga bango zuwa bango, a kanta za a kwana. Ƙasa kuma toka zan zuba."

"Jaye, lafiyarka ƙalau?"

"Ƙalau. Kar ki damu, zai ɗauki goma har da ƙari."

Daga nan ba ta ƙara amsawa ba. Ya kira, ta ƙi ɗauka. Jaye ya zauna kan tubali laka har gwiwar hannu, ya karanta saƙonnin daga sama har ƙasa, bai ga laifinsa ba. Goma ta yi kaɗan ne? Washegari sai ya ƙara wa akurkin faɗi. Zuciyarsa na ciwo, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, ga moton Mas'ud na wucewa da ƙaho.

Ranar da ya ɗaura ƙyaure, kawunsa ya je ya kira Malam Iro. Tsohon ya zo da mahaifiyarsa Gogo tana dogara sanda, Mas'ud ma ya biyo su wai hanya ce ta kawo shi. Suka zagaya bayan gida. Malam Iro ya dubi hagu, ya dubi dama.

"Ina ɗakin?"

"Ga shi, Baba. Akurkin da kuka ce."

Sai Mas'ud ya fashe da dariya har da riƙe ciki. A cikin dariyar nan Jaye ya gane komai, da maganar zaure, da tagar, da shirun Ummuhani. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ɗauki sandarsa zai bar wurin.

Gogo ce ta tare shi da tata sandar. Ta sunkuya da ƙyar ta leƙa ciki, ta shafa bangon, ta ga kasaken ƙwai a jere, ta buga harsashin ta ji shi daram. Ta miƙe ta dubi ɗanta.

"Iro, mi ka ce mashi ya gina?"

"Inna, ai magana ce..."

"Kai ka yi magana, shi ya yi aiki. Wancan mai dariya, nuna mini ko tubali guda nashi. Tsoronka kar ya tashi da ɗiyarka, ko? Mai niyyar tashi ba ya haƙa ma kaza harsashi har gwiwa."

Malam Iro ya zagaya akurkin yana shafa gemu. Ya tura bangon da kafaɗa, bango ko gezau. Dariya ta kufce masa, irin wadda ba ta da ƙeta, ya ce wa kawun Jaye su turo manya ranar Juma'a. Mas'ud ya tada moto bai yi sallama ba.

Da la'asar Gogo ta dawo da kanta, da wake-waken nan a hammata, ta tura ta cikin akurkin ta ja ƙyaure. Salular Jaye ta yi ƙara.

"Mai-sandana, na yi kuka, yanzu kuma dariya ta hana ni tashi. Ga ta nan ta riƙe mini wuri. Ka gina nawa kusa da nata. Amma ka sani, ni ba na kwana kan sanda."

Hannu ya riga ya saba, ga 'yan ruga da 'yan gari sun taru sun yi masa gayya, ɗaki ya tashi kafin shuka. Aka ɗaura aure ranar da aka yi ruwan fari, Malam Iro ya sa albarka, Gogo ta rangaɗa guɗa. Da aka kawo amarya, ta ɗaga mayafi kaɗan ta dubi tagar ɗakinta. Babba ce, kuma don tsautsayi ita ma ya sa mata ragar waya.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya tsare su da kajinsu daga shaho da muzuru.