Yadin Da Ba A Sa Wa Ruwa Ba

"Ka faɗa mata ko ba ka faɗa mata ba?"

Auta ta tsayar da keken ɗinki da tafin hannunta, ta ɗago tana kallon Dogo. Yana tsaye a bakin ƙofar shagonta da ke jikin gidansu, da ƙatuwar leda a hammata, sai kauce wa idonta yake yi.

"Na faɗa mata..."

"Me ka ce mata?"

"Na ce kina ɗinki."

"Ɗinkin me?"

Ya hau gyara riƙon ledar.

"Dogo, da kai nake!"

"Haba masoyiyata, ɗinki ai ɗinki ne..."

"Kunyata kake ji ke nan."

Sana'ar Auta ba ɓoyayyiya ba ce. Bargon haɗe-haɗe take yi. Kullum da safe takan bi layin teloli da buhu tana kwashe ƙyallayen da za su share su zubar, ta sayi ragowar yadi mai araha da tsofaffin rigunan auduga na gwanjo. Ta wanke, ta shanya, ta goge, ta yanka gida-gida, ta haɗa, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, sannan ta bi da ɗinki layi-layi. Bargonta yana da ɗumi, yana da laushi, talaka yana iya saya. Amma 'yan layin ba sa kiranta da komai sai 'Yar Tsumma.

Shi kuwa Dogo ɗan Hajiya ne, mai babban shagon yadi da ke bakin titi. A nan suka haɗu, ranar da ta je tambayar ragowar yadi ma'aikata suka yi mata dariya, shi ya biyo ta da ƙyallaye cike da hannu. Shekara biyu ke nan suna tare.

Dogo ya ajiye ledar a kan teburin yanka.

"Mama ta riga ta sani," ya ce a hankali. "Wasu sun kai mata."

"Sai ta ce me?"

"Bar shi kawai."

"Faɗa mini!"

"Ta ce... wai jikokinta a tsumma za a naɗe su?"

Maganar ta soki Auta har ƙahon zuciya, amma ba ta yi kuka ba. Ta nuna ledar da haɓa.

"Wannan fa?"

"Dama ce ta ba mu, zuciyata. Kin san Kaka, mahaifiyarta, wata biyar tana kwance, kullum kukan sanyi. Mama ta ce ki yi mata bargo da wannan. In ta ga aikinki ya yi, za ta saurari maganarmu. Sharaɗi biyu ne. Kada ki sa ko ƙyalle ɗaya naki, gaba da baya duk daga ledar nan. Kuma kada ruwa ya taɓa shi."

Auta ta zaro yadin. Ja ne jawur, da zaren ƙyalli a jikinsa, yana ɗaukar ido. Ta yi abin da take yi wa kowane ƙyalle kafin ta sa masa almakashi: ta goga shi a kuncinta, can kusa da wuya. Nan take ta janye.

"Wannan kaushi gare shi kamar soson ƙarfe. Ga sitati ya sandare shi. Dole a jiƙa shi, a ga ko yana zuba."

"Ta ce kyansa zai tafi."

"Dogo, ni ban taɓa ɗinka yadin da ban wanke ba. Ko na wa ne."

"Sau ɗaya tak! Don Allah, Auta. Shekara biyu ina lallaɓa matar nan, yau ta buɗe ƙofa kaɗan, ke kuma za ki rufe saboda bokitin ruwa?"

Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ta dube shi, ta dubi yadin. Maganar gaskiya, ta san daidai, ta kuma san ba daidai ba. Sai dai tana son sa, kuma ta gaji da a ce mata 'Yar Tsumma.

"Shi ke nan," ta ce.

Da yamma Inna, mahaifiyarta, wadda ta koya mata sana'ar, ta leƙo shagon ta tarar tana yanka. Ta murza yadin da yatsu biyu.

"Kin wanke?"

"A'a, Inna."

"Wa zai rufa?"

"Kakarsa... ba ta da lafiya."

Inna ta saki yadin.

"Tsohuwa kwance, fata kamar takarda? Auta, wannan ba koyarwata ba ce."

"Inna, in na wanke na rasa shi!"

"To. Ke kika sani."

Kwana tara ta yi a kansa. Allura uku ta karya. Bargon ya fito kamar a rataye a bango a yi ta kallo. Dogo ya kai, ya dawo bakinsa har kunne: Mama ta juya shi gaba da baya ba ta sami abin kushewa ba, 'yan dubiya sai tambaya suke daga wace ƙasa aka kawo shi. Auta ta yi murmushi, amma hankalinta bai kwanta ba.

A rana ta huɗu da kai bargon, da hantsi, wayarta ta yi ƙara.

"Ki zo gidanmu yanzu," in ji Dogo. "Mama na neman ki."

"Jikin Kaka ne?"

Sai ya kashe wayar. Wannan ya ishe ta amsa. Ta shiga ɗakinta ta yaye bargon da ke kan gadonta, na ƙyallayen rigunan gwanjo, wanda ya sha wanki har ya koɗe. Ta ninke shi a buhu, ta jefa almakashi a jaka, ta fita.

Ɗakin Kaka na warin magani. Gadon ƙarfe ne a jikin taga, ga robar ruwan da ake goge mata jiki a ƙasa, ga wasu mata biyu 'yan dubiya a kan kujera. Tsohuwar na kwance ta dunƙule tana rawar sanyi, ba komai a jikinta sai zani. Jan bargon yana yashe a ƙasa.

Auta ta durƙusa.

"Ina kwana, Hajiya. Ya mai jiki?"

"Tashi ki ga aikinki!"

Hajiya ta ɗaga hannun Kaka. Auta ta runtse ido. Wuya, kafaɗa, gwiwar hannu, ƙwauri, duk sun kurje, wani wurin har ya fashe yana ruwa. Ga wani ja-ja da ya ɓata fatar ko'ina.

"Na ba ki yadin da ko a mafarki ba ki taɓa riƙe irinsa ba, kika cusa mini tsummokaran gwanjo a ciki! Kayan da ba a san wa ya mutu a cikinsu ba! Cutarsu ce ta fito wa uwata a jiki!"

"Hajiya, wallahi ban..."

"Rufe mini baki! Na faɗa wa wannan sakaran, wanda ya saba da bola ba ya rabuwa da ita!"

'Yan dubiya suka haɗa ido suna gyaɗa kai. Auta ta waiga wajen Dogo. Yana jikin ƙofa, kansa a ƙasa.

A nan ne wani abu ya tsinke mata. Ta zaro almakashi, ta ja jan bargon, ta farke shi tun daga gefe har tsakiya. Ƙyat! Ƙyat! Ɗaya daga cikin matan ta yi salati.

"Ga cikinsa, Hajiya. Ki duba da kanki."

Auduga ce sabuwa, fara tas. Ko zare ɗaya baƙo babu.

Ba ta tsaya ba. Ta yanko ƙyalle ɗaya na yadin, ta tsoma a robar ruwan da ke ƙasa, ta murza sau biyu. Ruwan ya koma ja kamar an yi yanka a ciki, ga yauƙin sitati a sama.

"Wannan ne jan da ke jikin Kaka. In ta yi zufa sai ya zuba mata. Kurjewar kuma zaren ƙyallin ne. Da an jiƙa shi tun farko da na gani, da na faɗa miki bai dace da marar lafiya ba."

"Ni za ki koya wa yadi? Shekara talatin ina..."

"Kina sayarwa, Hajiya. Irin wannan na a saka a je taro a dawo a cire ne. Ba a kwana a cikinsa."

Auta ta ajiye ƙyallen. Hawaye suka zubo mata, amma ta ci gaba.

"Laifin nawa ne. Tun da na goga shi a kuncina na sani. Na yi shiru don kada ki raina ni. Na zaɓi a yabe ni, na bar baiwar Allah nan ta sha wuya. Kaka, ki yafe mini..."

Dogo ya tako. Ya sunkuya ya ɗauki busasshen ɓangaren bargon, ya goga a wuyansa da ƙarfi, sau uku. Da ya cire, wurin ya yi jawur ya tashi.

"Mama, kalli."

"Kai kuma meye haka?"

"Ta ce a wanke. Ni na toshe mata baki, don ina tsoron ki. In akwai wanda za a kora a gidan nan, ni ne."

"Kai ma? A gaban mutane?"

"Ki yi haƙuri, Mama. Gaskiya ce."

Sai ga wata siririyar murya daga kan gado.

"In kun gama... ni dai sanyi nake ji."

Auta ta kwance buhunta ta warware bargonta. Gida-gida ne na shuɗi da toka da ruwan ƙasa, wani wurin ma ana ganin inda aljihun riga yake a da. Hajiya ta yi wuf ta riƙe gefensa.

"Ba a gidana ba!"

Amma hannun Kaka ya riga ya kama ɗaya gefen. Ta ja shi zuwa fuskarta, ta shafa, ta sauke ajiyar zuciya.

"Sake shi, ke," ta ce wa 'yarta. "Kwana huɗu ina ce miki abin nan yana cizo na, kina ce mini mai tsada ne. Tsadar zan rufa?"

Hajiya ta saki.

Auta ta lulluɓe tsohuwar a hankali, ta soke mata gefe a ƙarƙashin ƙafa. Ba a jima ba rawar jikin ta tsaya. Kafin 'yan dubiya su gama gyara mayafi, Kaka ta yi barci, har da ɗan minshari.

Auta ta mayar da almakashinta jaka, ta share fuska.

"Hajiya, ina son ɗanki, ba zan ɓoye ba. Amma wannan ce sana'ata, da ita aka raine ni. Na ji kunyarta sau ɗaya, ga abin da ya jawo. Ba zan sake ba. In sai na ɓoye ta zan shiga gidan nan, to Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ta fita. Dogo ya biyo ta har ƙofar gida.

"Auta! Tsaya mana, zuciyata..."

"Koma wajen kakarka. A shafa mata magani, kada a sa sabulu a wurin."

Kwana uku ba ta ɗaga wayarsa ba. Tana taka keke tana kuka.

A rana ta huɗu, da tsakar rana, kekunan layin teloli suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Auta ta ɗago. Hajiya ce tsaye a ƙofar shagonta, Dogo a bayanta ɗauke da buhu a kafaɗa.

Auta ta miƙe ta gaishe ta. Hajiya ba ta amsa da kyau ba. Ta shigo tana kallon ƙyallayen da ke jere a kan tebur, ta ɗauki ɗaya, na tsohuwar rigar auduga, ta kai kuncinta a ɗarare.

"Haka kike yi?"

"Ƙasa kaɗan, Hajiya. Kusa da wuya."

Ta sauke shi zuwa wuyanta. Ta goga a hankali.

"Ciwon ya fara bushewa," ta ce, ba ta dubi Auta ba. "Amma ta hana a ɗauke bargon ko don a wanke. Ki yi mata na biyu. Ga ragowar yadi nan na shago, ki zaɓi abin da zai yi."

"In wanke?"

"Ki wanke mana! Sana'arki ko tawa?"

Haƙuri dai Hajiya ba ta iya bayarwa ba, kuma ba ranar za ta koya ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Mahaifiyarki na ciki? Ina da magana da ita."

Auta ta nuna mata ƙofar shiga gida.

Daidai nan telan da ke shagon kusa, wanda bakinsa ba ya shiru, ya leƙo yana washe haƙora.

"'Yar Tsumma, yau manyan baƙi aka yi!"

Hajiya ta juyo ta watsa masa wani kallo.

"Kai, surukata kake kira haka? Koma ka gyara wandon mutane da ka karkatar!"

Layin ya fashe da dariya. Hajiya ta wuce ciki wajen Inna.

Dogo ya sauke buhun a gaban Auta. Jan tabon yana nan a wuyansa, bai gama bajewa ba.

"Kin yafe mini?" ya ce ƙasa-ƙasa.

Ta dube shi, hawaye da dariya a haɗe. Sannan ta tura masa bokiti da ƙafa.

"Ɗebo ruwa tukuna."